An rage ni a wurin aiki a Ingila, maiɗakina mai sana'ar kanta tana da juna biyu: wane tallafi za mu nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, ina zaune a Ingila da iyalina a gidan haya. Shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfani, albashina £520 a mako, yanzu sun ce za su rage ma'aikata kuma ina ciki. Maiɗakina ɗinki take yi a gida, tana samun kamar £800 a wata bayan an cire kuɗin kaya, kuma tana da cikin wata biyar, haihuwar fari. Idan aka haɗa kuɗin sallama da ɗan abin da muka tara zai kai £9,000. Wane tallafi ya kamata mu nema, kuma sana'arta za ta hana a ba mu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya sauki maiɗakinka lafiya. Sana'arta ba za ta hana a ba ku ba. Abin da ke sa mutane asara a irin wannan hali shi ne neman abu a ranar da ba ta dace ba, ko barin wani haƙƙi har wa'adinsa ya wuce. Alƙaluman da zan kawo na shekarar haraji ta Afrilu 2025 zuwa Afrilu 2026 ne. Da yawa daga cikinsu duk Afrilu ake sabunta su, don haka ka duba na ranar da za ka nema.

Ba ka faɗi irin takardar zaman da kuke da ita ba, kuma komai a kanta ya rataya. Ku duba bizarku, kai da ita. Idan an rubuta "no public funds", to ba ku da damar karɓar Universal Credit, wato babban tallafin wata-wata na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko kuɗin yara na Child Benefit, ko rangwamen harajin kansul, wato ƙaramar hukuma, kuma karɓarsu na iya ɓata muku sabunta biza ko neman zaman dindindin. Abu biyu ne ba sa cikin wannan hani, domin daga kuɗin inshorar ƙasa da mutum ya biya suke fitowa: New Style JSA na mai neman aiki da Maternity Allowance na mai haihuwa. In kuwa kamfanin ne ya ɗauki nauyin bizarka, maganar tallafi ta koma baya, domin zai sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma takan rage maka zaman zuwa kwana 60 don ka samu wani kamfanin ko ka sauya biza. Akwai kuma hali na uku da ya yi yawa a cikin mutanenmu: miji yana da zaman dindindin ko fasfon ƙasar, matar tana kan bizar aure. A nan mijin zai nemi Universal Credit a matsayin mutum ɗaya, a ba shi £400.14 a wata maimakon na ma'aurata, amma a lissafa kuɗin shigar matar da ajiyarta duk da haka. Wanda yake cikin wannan hali ya ga mai ba da shawara kan shige da fice kafin ya cike komai. Sauran bayanin na wanda ba shi da wannan takunkumi ne.

Fara da abin da kamfani zai ba ka. Duk wanda ya cika shekara biyu yana da kuɗin sallama na doka: rabin albashin mako ga kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da 22, albashin mako ɗaya ga kowace shekara daga 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama. Ba a lissafa fiye da shekara 20, albashin mako kuma ba ya wuce £719 a lissafin. Naka zai zama £520 sau shida, wato £3,120, sai in kwantiraginka ya ba ka fiye da haka. Ba a cire haraji a kuɗin sallama har zuwa £30,000. Kana da wa'adin sanarwar sallama na mako shida, ko ka yi aikinsa ko a biya ka kuɗinsa, da kuɗin hutun da ba ka ci ba, kuma waɗannan biyun ana cire musu haraji kamar albashi. Ka roƙi a rubuta maka kowanne daban, da ranar da zai shiga asusunka. Dalili shi ne Universal Credit tana ɗaukar kuɗin sallama a matsayin ajiya, amma albashin ƙarshe da kuɗin wa'adi da na hutu a matsayin kuɗin shiga na watan da suka shigo. In kamfani ya dunƙule su ya aika wa hukumar haraji a matsayin albashi, za ka sha wahalar warwarewa. Wani abu da zai wuce ka shi ne kuɗin hutun uba na mako biyu, domin sai wanda yake kan aikin har ranar haihuwa ake ba.

New Style JSA shi ne mafi sauƙi, kuma ka neme shi washegarin ranar da aikinka ya ƙare. Ana duba kuɗin inshorar da aka cire maka a shekaru biyu na haraji da suka gabata, wanda mai shekara shida a aiki ba shi da matsala da shi. £92.05 ne a mako ga mai shekara 25 zuwa sama, har tsawon kwana 182, kuma kwana bakwai na farko ba a biya. Ba ruwansa da ajiyarku, ba ruwansa da ɗinkin maiɗakinka. Za ka sa hannu a yarjejeniyar neman aiki, yawanci awa 35 a mako, kuma jami'in Jobcentre, ofishin gwamnati na masu neman aiki, zai riƙa tambayar shaida. Ka riƙa rubuta duk inda ka nema da ranar. Ko da kai ne ka miƙa sunanka lokacin da aka ce za a rage ma'aikata, ba a ɗaukar wannan a matsayin barin aiki da gangan.

Universal Credit ta gida ce gaba ɗaya. Kowannenku zai buɗe nasa asusun a intanet, a ba ɗaya lambar haɗawa ya ba ɗayan. Ranar da kuka kammala nema ita ce farkon watan lissafinku, kuma wannan rana ba ta sauyawa. In kun nema 12 ga wata, watanku daga 12 ne zuwa 11 ga na gaba, kuɗi kuma ya shigo kwana bakwai bayan nan, shi ya sa biyan farko yake ɗaukar kusan mako biyar. A nan ne zaɓen rana yake da muhimmanci. Duk albashin da ya shigo a cikin watan lissafi ana zabtare kashi 55 cikin 100 nasa daga tallafin. Albashin ƙarshe haɗe da kuɗin wa'adin mako shida zai cinye tallafin watan farko ƙaf. Idan kuɗin ƙarshen zai shigo nan da kwana uku ko biyar, ku jira ya shiga, ku nema washegari. Idan kuwa sai nan da wata guda, jira ba shi da amfani, domin ba a mayar da nema baya sai da dalili mai ƙarfi, shi ma bai wuce wata ɗaya ba. In mako biyar ɗin ya yi muku tsawo ana ba da rance tun farko, babu ruwa a kansa, ana cirewa kaɗan-kaɗan cikin wata 24. Shawarata, mai £9,000 a hannu kada ya karɓa.

Maganar ajiya tana bukatar a tsaya a kanta. Ana haɗa naka da nata. Ƙasa da £6,000 ba a duba shi. Daga £6,000 zuwa £16,000 ana rage £4.35 a wata kan kowane £250. Ya haura £16,000, babu tallafin sam. Naku £9,000 zai jawo ragin £52.20 a wata. Ajiya kuma ba ta tsaya a asusun bankin Ingila ba. Kuɗin da ke asusunka na gida, fili ko gidan da ka mallaka a Kano ko Damagaram, da kwasar adashi in ta zo hannu, duk suna cikin abin da ake tambaya, kuma ɓoyewa laifi ne da ake bin mutum bashinsa har da tara. Akwai kuma dokar da ta hana mutum rabar da dukiyarsa don ya cancanci tallafi. Biyan bashin da ake bin ka halal ne a dokar, haka ma sayen abin da ya dace da halin da kake ciki, irin gadon jariri da keken turawa da gyaran mota. Amma ka tura £4,000 gida a makon da za ka nema, jami'i yana da ikon lissafa kuɗin kamar suna hannunka. Wanda ya saba aika wa iyaye wani abu duk wata ya ajiye shaidar cewa ya daɗe yana yi, kuma kada adadin ya yi tsalle. Keken ɗinkinta da yadudduka da sauran jarin sana'a ba sa cikin lissafi, shi ya sa ya kamata kuɗin sana'a ya kasance a asusu daban.

Yanzu sana'ar maiɗakinka, inda tsoronka yake. Za a kira ta hira a Jobcentre don a tantance ko ɗinkin shi ne babban aikinta, yana tafiya a kai a kai, kuma don riba ake yi. Ta tafi da lambar harajinta, da littafin ciniki, da rasit, da bayanan banki. Wanda aka tabbatar da haka a kansa yakan faɗa ƙarƙashin wata ƙa'ida mai zafi: a ɗauka yana samun abin da mai mafi ƙarancin albashi yake samu, wato yawanci awa 35 a mako a kan £12.21, ko da bai samu rabin haka ba, a rage tallafi a kan wannan adadi. Wannan ƙa'ida ita ce ke kassara masu ƙananan sana'o'i, amma ku da wuya ta taɓa ku, saboda dalili biyu. Na farko, wanda ya shigo tsarin a karon farko yana sana'a ana ba shi wata 12 ana lissafi da ainihin abin da ya samu. Na biyu, ƙa'idar tana aiki ne kawai a kan wanda aka ɗora wa cikakken neman aiki, mai ciki kuma ana sauke mata wannan nauyi daga mako 11 kafin haihuwa zuwa mako 15 bayanta. Bayan nan, in ita aka rubuta a matsayin mai renon jaririn, ƙa'idar ba za ta dawo kanta ba sai yaro ya cika shekara uku. Mutum ɗaya ake rubutawa a cikinku, kuma a halinku ita ce ta dace. Sai dai na'ura ba ta san tana da ciki ba sai an gaya mata. Ta rubuta ranar da ake sa ran haihuwa a shafinta tun ranar farko. In kuka ga an yi lissafi da kuɗin da ba ta samu ba, ku nemi a sake duba hukuncin cikin wata ɗaya.

Duk ƙarshen watan lissafi za ta shigar da abin da ya shigo hannunta da abin da ta kashe. Ana bin ranar da kuɗi ya shiga ne, ba ranar da aka yi aikin ba. Ɗinkin bikin da ta yi wata biyu tana yi, in aka biya ta a rana ɗaya, duk a wannan watan zai hau. Tana iya cire kuɗin yadi, zare, gyaran keke, talla, da harajin da ta biya a watan. In da mota take kai kaya, ana cire fam 0.45 a kowane mil har mil 833 a wata. Aiki a gida ma yana da nasa: £10 in ta yi awa 25 zuwa 50 a wata, £18 daga 51 zuwa 100, £26 in ya wuce haka. Watan da ta faɗi, asarar tana bin ta zuwa wata na gaba. Ko watan da ba ta samu ko kwabo ba sai ta shiga ta rubuta sifili, in ba haka ba kuɗin gidan duka zai tsaya, har da na haya. Wannan yakan jawo jinkirin biya ga masu sana'a.

Maternity Allowance nata ne ita kaɗai, kuma ya fi duk sauran tsoka: har £187.18 a mako tsawon mako 39, babu haraji. Sharaɗinsa, ta kasance tana da rajistar sana'a da hukumar haraji ta HMRC na aƙalla mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci makon haihuwa. In ta yi aikin albashi a cikin lokacin, makonninsa ma suna shiga. Wasu matanmu masu ɗinki, lalle ko abincin sayarwa a nan suke tuntuɓe, domin ba su taɓa yin rajista ba. In nata haka ne, wannan shi ne abin da za ku fara gyarawa a wannan makon, tare da mai ba da shawara, tun da ribar £800 a wata ta wuce inda doka ta wajabta rajista. Yawan abin da za a ba ta ya dogara da kuɗin inshora na masu sana'a, wanda ake kira Class 2. Ana son mako 13 cikin 66 ɗin. Sau da yawa wasiƙar farko takan zo da £27 kacal a mako, saboda ba a riga an shigar da lissafin harajin shekarar ba. Kada hankalinta ya tashi. HMRC za ta aiko da takardar yadda za ta cike giɓin, £3.50 ne a mako, mako 13 ya kama £45.50, kuma da zarar ta biya za a ɗaga kuɗin a biya ta bambancin baya.

Ungozoma za ta ba ta takardar shaidar ciki mai suna MAT B1 daga mako na 20 na ciki, wato yanzu ma tana iya tambaya. Fom ɗin nema sunansa MA1, ana karɓarsa daga mako na 26, biya kuma yana iya farawa daga mako 11 kafin haihuwa. Ita za ta zaɓi ranar da za ta ajiye aiki. Bayan ya fara, kwana 10 kawai aka yarda ta yi aiki, kuma ko awa ɗaya ta zauna a keke an ƙirga kwana. Ta yi la'akari da wannan in haihuwar ta zo kusa da sallah, lokacin da masu kaya ba sa jin "a'a".

Ga abin da zai ba ku haushi: Universal Credit tana cire JSA da Maternity Allowance fam da fam. Mu ɗauka kuɗin hayar da aka amince muku £700 ne, misali kawai. Ainihin tallafin ma'aurata £628.10 ne a wata, jimla £1,328.10. Yanzu da take aiki, a cire JSA ɗinka wanda ya kama £398.88 a wata, a cire £440 daga ribarta, a cire £52.20 na ajiya, saura £437.02. In ta ajiye aiki ta fara karɓar nata, wanda ya kama £811.11 a wata, abin da zai rage £65.91 ne. Wasu sukan ga haka su ce to me ya sa za a wahala da fom uku? Saboda JSA da kuɗin haihuwa ba sa motsi in ajiya ta ƙaru, nata kuma yana ci gaba ko ka samu aiki gobe da albashi mai kauri, alhali Universal Credit za ta tsaya. Shi kuma £65 ɗin kada ku raina shi, domin shi ne ke buɗe ƙofar wasu abubuwa.

Babba a cikinsu shi ne Sure Start Maternity Grant, £500 sau ɗaya ga haihuwar fari, ba a mayarwa. Sai mai karɓar tallafi irin Universal Credit ake ba, ana nema da fom SF100 daga mako 11 kafin haihuwa zuwa wata shida bayanta. In lissafinku ya faɗi sifili kafin haihuwa aka hana ku, ku sake nema bayan an sauka, lokacin da tallafin zai ɗaga. Akwai katin Healthy Start na madara da kayan lambu, £4.25 a mako lokacin ciki, £8.50 har jariri ya shekara, ga gidan da abin da yake samu ta hanyar aiki bai wuce £408 a wata ba. Magani da likitan haƙori kyauta ne gare ta har shekara ɗaya bayan haihuwa, ungozoma ce ke cike takardar. Rangwamen harajin kansul kuma a kansul ɗinku ake nema, ba ya zuwa da kansa. Mazauna Sikotilan tsarinsu na kuɗin jariri daban ne, kuma ya fi wannan yawa.

Kuɗin haya ba abin da mai gida yake karɓa ake biya ba. Kowane yanki yana da iyakarsa, kuma ma'aurata marasa ɗa kuɗin ɗaki ɗaya ake ba su, ciki ba ya shiga lissafi. In gidanku mai ɗaki biyu ne za ku riƙa cike giɓi har a haihu, kuma kuna iya roƙon kansul ta taimaka da shi na ɗan lokaci. Akwai kuma iyakar jimlar tallafin gida, £1,835 a wata a wajen Landan, amma wanda ya shekara yana samun aƙalla £846 duk wata ana ɗaga masa ita har wata tara. Ka tabbatar an sa maka wannan.

Da an sauka, ku sanar a shafinku kafin watan lissafin ya ƙare. Ko a ranar ƙarshe ta watan aka haihu, za a biya kuɗin jariri na watan gaba ɗaya, £292.81, a ɗaga haya zuwa ta ɗaki biyu, sannan £411 na farko na duk abin da kuka samu ta aiki ba za a taɓa shi ba. In kuka yi jinkiri, watan ya tafi. A yi rajistar haihuwa cikin kwana 42, a nemi Child Benefit, £26.05 a mako, wanda ba a cire shi daga komai amma ba a mayar da shi baya fiye da wata uku. Gara a sa sunanta, domin yana cike mata shekarun fansho a lokacin da ba ta aiki sosai.

In akwai shirin ta tafi gida wankan jego, ku yi lissafi tukuna. Universal Credit tana jure rashin mutum a ƙasar na wata ɗaya ne kawai, kuma sai an sanar kafin tafiya. Ya wuce haka za a cire ta da jaririn daga lissafi, kuɗin haya ya koma ƙasa. Kai ma in ka raka su, JSA ba a biyansa a kwanakin da kake waje. Ofishin Citizens Advice yana taimaka wa masu neman Universal Credit kyauta tun daga cike fom har biyan farko, ƙungiyar Maternity Action kuma ta ƙware a kan kuɗin haihuwa na masu sana'a da masu matsalar biza. Ku je musu da takardar sallamarka, da yarjejeniyar haya, da bayanan banki na wata uku.